Turancin Baba Tanko Mai Famfo

Jikata ce ta tsokano wannan magana. Tana zaune tana latsa waya ta ce wai koyar da Turanci ba wani aiki ba ne, wanda ya iya ya faɗa, wanda bai iya ba ya maimaita, shi ke nan. Na ce mata to, ki je ki samo dattijo mai furfura, mai 'ya'ya da surukai, ki tsayar da shi a gaban jama'a ki sa ya buɗe baki ya yi ta tuntuɓe kamar mai koyon tafiya, sannan ki sa gobe ya dawo da ƙafarsa ba tare da an aika masa ba. In kin iya wannan, ki zo mu yi zancen sana'a. Ni Rahila na koyar da manya Turanci a Anguwan Rukuba da ke Jos tun ƙuruciyata har gwiwa ta fara ba ni wahala, kuma har gobe in aka kira ni malamar manya, da faɗin rai nake amsawa.

A hannun Malam Pam na koya. Tsohon akawun kamfanin kuza ne, gajere, mai saurin fushi, da wani tabarau da ya ɗaure ƙafarsa da zare. Rumfarsa ta kwano tana bayan shagon wani kafinta, da 'yan bencina da allo. Na je masa da takardar gama makaranta ina hura hanci, ina jin Turanci ya zauna mini a baki. Ko duba takardar bai yi ba. Ya miƙo mini tsofaffin batura ya ce in fasa, in kwaɓa baƙin garin da ke cikinsu da ɗanyen ganye in shafe allo. Da na gama ya ba ni kwalaye da reza. Haka na yi watanni ina shafe allo ina yanka kwali, hannuna baƙi ƙirin, ba a yarda in ce uffan a aji ba. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Ke kin iya Turanci, ba ki iya mutane ba. Zauna ki saurara."

Babban kayan aikinmu wani katako ne da aka jera wa ƙusoshi. A ƙusar hagu ake rataya kwalin da ba a taɓawa, a ta dama kuma a yi ta canjawa. Malam Pam yana kiran na hagun turke, na daman kuma akuya. Ya ce Turancin da ake yi kullum a kasuwa da tasha da asibiti turaku ne 'yan kaɗan, awakin ne da yawa. Ka kafa wa mutum "I want to", wato ina son in yi kaza, sai ya ɗaure masa saye, ya kwance ya ɗaure tafiya, ya kwance ya ɗaure ganin likita. Ka kafa masa "Where is", ya iya tambayar inda komai yake, daga tashar mota har bayan gida. Ka ba shi "Can you", ya iya roƙon kowa komai. Yawancin ɗalibanmu ba su iya karatun boko ba, don haka kowane kwali sai an yi masa zane, ga kabeji, ga mota, ga allura. Ba mu taɓa ambata wa kowa sunan wata ƙa'idar nahawu ba. A kafa turke, a yi ta ɗaurawa ana kwancewa da baki, har harshe ya riƙa tafiya da kansa.

Abin da ku yara ba ku sani ba shi ne, kowa da turakun da ya zo nema. Direba ba ruwansa da na tela, kuku ba ya buƙatar na mai kayan miya. In ka ɗora wa mutum abin da ba zai yi aiki da shi gobe da safe ba, ba za ka ƙara ganin ƙeyarsa ba. Mama Kaneng, wata mai sayar da karas da latas ga matan Turawa, ita ce ɗalibata ta farko da Malam Pam ya sakar mini. Matsalarta ɗaya: in kaya sun ƙare ba ta san yadda za ta ce a dawo ba, sai ta yi ta murmushi har mai saye ta wuce wurin wata. Na kafa mata "Come back", ta ɗaure masa gobe, ta ɗaure masa yamma, ta ɗaure masa Asabar. Abin ya yi mata daɗi har ya wuce kasuwa. Mijinta ya tare ni a hanya yana dariya ya ce, "Malama, me kika koya wa matata? Na nemi tuwo ta ce in dawo gobe."

Aikin yana cin murya. Da damina in ruwan Jos ya sauka a kan kwanon nan, sai ka ga bakin mutum yana motsi ba ka jin komai. A nan na koyi koyarwa da hannu da ido. In ɗaga kwali, in nuna mutum, in karanta leɓensa. Citta da zuma ba sa rabuwa da jakata.

Shekarar da ta ba ni wuya ta zo wajen ƙarshen shekarun saba'in. Idon Malam Pam ya yi rauni, ya koma ƙauyensu ya bar mini rumfa da katakon ƙusoshi da tsohon tabaransa. A daidai lokacin ne kuma aikin kuza ya fara mutuwa. Ana ta sallamar ma'aikata, Turawan da suka daɗe suna ta tattara kayansu, kukunsu da direbobinsu suka rasa wanda za su yi wa Turancin. Wanda ke neman abin da zai sa a tukunya ba ya zuwa koyon magana. Bencina suka zama fayau, har kafinta ya janye wasu ya mayar shagonsa. Da safe ina dama kunu in kai Tina Junction in sayar wa direbobi, da la'asar in wanke hannu in zo in tsaya gaban Mama Kaneng da wasu mata 'yan kaɗan da kajin maƙwabta. Dangi suka ce in rufe in nemi aikin gwamnati. Na ƙi, don na san abin da ke hannuna yana da amfani ko da ba a gani ba a lokacin.

A cikin wannan hali ne Baba Tanko ya yi sallama wata la'asar, rigarsa jiƙe da yayyafi. Dogo ne, fari fat a gemu, tafin hannunsa duk kanta. Daga Bukuru ya hau bas ya zo, wani direba da nake sayar wa kunu ne ya yi masa kwatance. Ya ƙi zama a benci, ya tsuguna a bakin rumfa ya faɗa mini damuwarsa. Tun yana saurayi yake kula da injinan jan ruwa a ramukan kuza, shi ya sa ake ce masa mai famfo. An sallame shi tare da sauran. Yanzu wani sabon kamfani mai aikin madatsar ruwa yana neman mai kula da injin famfo, amma sai an zauna da mutum an yi masa tambayoyi da Turanci.

Na ce, "Baba, duk shekarun nan da Turawa, ba ka tsinci komai ba?"

Ya ce, "Malama, Turawanmu na da ai Hausa suke yi mana. Wani ma ya fi ni iya zagi da ita. Waɗannan sababbin ko sannu ba su sani ba."

Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi da gaske. In bai samu aikin nan ba, ba shi da abin riƙe iyali a Bukuru, dole ya kwashe su ya koma ƙauyen ubansa a ƙasar Katsina. 'Ya'yansa duk a Bukuru aka haife su, ba wanda ya taɓa ganin ƙauyen. Shi kansa rabonsa da can tun kafin ya yi aure, gonar da zai ce tasa ce ma babu. Lokacin ganawar kuma ya matso, bai kai wata biyu ba.

Na karɓe shi. Ban ɓata lokaci a kan kabeji da allura ba. Na yanka sababbin kwalaye, na sa shi ya riƙa gaya mini sassan inji ina zanawa, yana gyara mini zanen yana tsaki. Na kafa masa turakun da mai inji yake buƙata: yadda zai ce ya iya kaza, yadda zai ce ya yi shekaru yana kaza, da "First I" da "then I", wato da farko ina yin kaza, sannan in yi kaza. Kansa yana ja. Sai dai a zaune bakinsa ba ya buɗewa, don haka na roƙi mai injin niƙa na unguwarmu ya riƙa ba mu aron injinsa in ya tashi aiki. Da Baba Tanko ya ɗora hannu a kan ƙarfe sai maganar ta zubo. Yana taɓa wurin mai yana faɗa, yana jan bel yana faɗa. Na yi murna ƙwarai, na ce aiki ya yi kyau.

Ashe da sauran babban aiki a gaba. Akwai turke ɗaya da Malam Pam ya ce kada a taɓa sallamar ɗalibi ba tare da shi ba, wanda mutum zai ce bai gane ba a maimaita masa: "Please say it again." Na rataya kwalin. Baba Tanko ya tambayi ma'anarsa, na faɗa masa. Ya girgiza kai.

"Wannan kam ki bar shi, Malama. Ni ba zan ce wa maigida ya sake magana ba."

"Don me, Baba?"

"Rashin kunya ne. Na gaba in ya yi magana amsawa ake yi. Ko ubana bai taɓa faɗa mini abu na ce ya maimaita ba, balle wanda nake neman abinci a hannunsa."

Na yi lallashi, na yi bayani, ya kafe. Komai na ba shi yana ɗauka, ban da wannan. Abin da ya iya tun da can shi ne "Yes sir", kuma a ganinsa ya isa ya rufe duk inda ya rasa.

Sai na yi masa abin da Malam Pam yake yi wa masu taurin kai. Na jawo kujera, na sa tabaran nan, na ce yau ni ce Baturen. Na fara a hankali yana amsawa daidai. Can sai na saki Turanci da gudu ta hanci, na tambaye shi ko in an ba shi injin zai zuba yashi a tankin mai. Ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Yes sir." Na ƙara tambaya ko zai sayar da bel ɗin ya sayi goro. Ya ce, "Yes sir." Mama Kaneng, wadda kunnenta ya riga ya buɗe, ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Baba, ka ce za ka sa yashi a inji fa! Malama ta tambaye ka, ka ce yes!"

Fuskarsa ta canja. Ya dube ni, ya dubi matan, ya ɗauki hularsa da ya ajiye a gwiwa ya sa, ya fita ba sallama. Da gangan na yi, kuma ko yau aka kawo mini irinsa haka zan yi. Gara ya ji zafin a rumfata, inda ba abin da zai rasa sai 'yar dariya, da ya je ya ji shi a ofishin da ake yanke zaman iyalinsa. Amma ba zan ɓoye muku ba, da kwanaki suka wuce bai dawo ba, hankalina ya tashi.

Malamin manya ba ya zama ya jira. Na rufe rumfa wata safiya na hau bas zuwa Bukuru, na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan. Matarsa Inna Hajara ta tarbe ni, gajeriyar mace mai kaifin baki, ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa.

"Ke ce Malamar? Tun da ya dawo yake ta huci, ko tuwo ba ya ci sosai. Me kika yi masa?"

Na faɗa mata. Ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce, "Ai ni ma haka yake yi mini, in yi ta magana ya ce to, ashe bai ji ba."

Ya fito ya zauna nesa kaɗan, muka gaisa a daƙile. Ya ce, "Malama, 'yar cikina ce ke a shekaru. Kin sa mata sun yi mini dariya."

Na ce, "Haka ne, Baba. In tambaye ka wani abu? In inji yana aiki ka ji wata ƙara da ba ka gane ba, me kake yi?"

"Kashe shi nake, in sake tayarwa, in kasa kunne."

"Ba ka ce masa to ka wuce?"

Ya harare ni. "Wane mahaukaci ne zai yi haka? Ai sai ya ƙone, ramin ya cika da ruwa da mutane a ciki."

"To mutumin da zai damƙa maka injinsa, in ya ce rufe ka ji buɗe ka ce masa yes, wa ka girmama?"

Ya shiga murza gemu. Inna Hajara ta buɗe baki za ta sa nata, na yi mata ido ta fasa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaya ma ake faɗin abin?"

A tsakar gidan nan muka kafa turken. Da farko a ciki yake faɗa, kamar mai neman gafara. Na ce a'a, ba laifi ka yi ba, miƙe tsaye, ɗaga kai, ka faɗa yadda kake ce wa lebura ya miƙo maka sifana. Ya faɗa, ya sake, ya sake. Daga ranar ni na riƙa zuwa Bukuru, don lokaci ya ƙure kuma na ga a gidansa ya fi sakin jiki. Ina yi masa Turanci da gudu da gangan, in ya tsayar da ni in yaba masa, in ya ce yes a kan abin da bai ji ba in tattara kwalayena kamar zan tafi. Inna Hajara ta ce har ita ya fara yi wa, tana cewa ga abinci yana ce mata ta maimaita.

Ranar ganawar ban raka shi ba. Dokar Malam Pam ce, malami ba ya bin ɗalibi zuwa inda za a gwada shi, don in ya waiga ya gan ka, a fuskarka zai riƙa neman amsa. Na tafi gidansa na zauna da Inna Hajara. Na tarar ta riga ta zuba tukwanenta a buhu ta ɗaure bakin da igiya tamau, don akwai wata babbar mota da za ta tashi zuwa Katsina a makon, kuma ta ce ba ta son a zo ana gaggawa a fasa mata kaya. Ta ce mini a nan ta haifi 'ya'yanta, a nan ta binne biyu, ba ta san kowa a can ba.

Sai bayan azahar ya shigo, yana tafe a hankali, fuskar nan ba ta nuna komai. Ya nemi ruwa ya sha, ya zauna, ya cire hula. Mu dai ido muka zuba masa.

"Malama," ya ce, "mutumin nan ya fi ki gudu. Maganarsa kamar ana suyar gyaɗa. Tambayar farko na kama, na ba shi amsa. Ta biyu ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Yes ɗin nan ya taso mini har maƙogwaro, na haɗiye shi. Na ɗaga kai na faɗa masa."

"Sai ya ce me?"

"Ko ɗaure fuska bai yi ba! Ya ajiye alƙalami ya sake faɗa a hankali, har yana yi mini da hannu. Can gaba na sake tsayar da shi, ya sake maimaitawa. Daga nan ya ce in biyo shi wurin injin. To kin san in aka zo nan, an zo gida."

Ya fara ba ni labarin injin, irinsa da ƙarfinsa da inda aka ƙera shi. Inna Hajara ta kasa haƙuri.

"Malam, don Allah ka bar zancen ƙarfe. Mun tafi ne ko mun zauna?"

Baba Tanko ya miƙe tsaye, ya gyara rigarsa, ya ɗaga kai yadda na koya masa, ya dubi matarsa ya ce, "We are not going to Katsina."

Ban taɓa koya masa wannan jimla ba. Ba ta cikin kwalayena, ba mu taɓa faɗinta ba ko sau ɗaya. Shi ya haɗa kayarsa a hanya, daga abin da ya tsinta nan da can, kuma ba inda ta karkace. Hawaye suka cika mini ido, ban kuma ji kunyarsu ba.

Inna Hajara ta dube shi, ta dube ni. "Malama, me tsohon nan yake cewa?"

Na ce, "Inna, cewa ya yi ba inda za ku."

Ta juya ta kalli mijinta. Sannan ta ce, "Shi ne sai da Turanci za a gaya mini?" Ta jawo buhun tukwanen gabanta, ƙullin ya ƙi kwantuwa da hannu, ta sa haƙori.